James Patterson: Attajirin marubucin da ke tallafa wa ƙananan kantunan littattafai

A shekarar 2014, marubucin nan ɗan ƙasar Amurka, James Patterson, ya ciri fiye da dala miliyan 1 daga aljihunsa ya raba wa ƙananan kantunan sayar da littattafai 178 a faɗin ƙasar. Bai nemi a biya shi ba, bai kuma nemi hannun jari ba. Babban sharaɗin da ya gindaya shi ne, duk kantin da zai amfana sai ya kasance yana da sashen littattafan yara.

Tun daga wancan lokaci ya ci gaba da ba da irin wannan tallafi ga masu kantuna da ma'aikatansu, da ɗakunan karatu na makarantu, da kuma malamai. To ko mene ne ya sa mutumin da ake sayar da littattafansa a manyan kantuna da filayen jiragen sama da kuma intanet ya damu da makomar ɗan ƙaramin kanti na cikin unguwa? Kuma ina tasirin wannan kuɗi ya tsaya?

Wane ne James Patterson?

An haifi Patterson a shekarar 1947 a garin Newburgh da ke jihar New York. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, amma shi da kansa ya sha faɗin cewa a lokacin ƙuruciyarsa karatun littafi bai dame shi ba, ban da abin da makaranta ta tilasta masa. Sha'awar ta zo masa ne bayan ya zama saurayi, lokacin da yake aikin dare a wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Massachusetts, inda ya riƙa cinye daren da karatu.

Littafinsa na farko, The Thomas Berryman Number, ya fito a shekarar 1976, bayan kamfanonin ɗab'i 31 sun ƙi karɓarsa. Daga baya littafin ya ci lambar yabo ta Edgar, wadda ake bai wa marubutan labaran bincike da aikata laifi. Duk da haka Patterson bai bar aikin ofis ba. Ya shafe shekaru fiye da 20 a kamfanin tallace-tallace na J. Walter Thompson, har ya kai ga shugabancin reshen kamfanin na Arewacin Amurka, kafin ya ajiye aikin a shekarar 1996.

Tauraruwarsa ta fara haskawa sosai a shekarar 1993 da littafin Along Came a Spider, wanda ya gabatar da Alex Cross, jami'in bincike baƙar fata a birnin Washington. Ɗan wasan fim Morgan Freeman ya fito a matsayin wannan jami'i a fina-finai biyu, a shekarun 1997 da 2001. A shekarar 2010 mujallar jaridar New York Times ta ruwaito cewa daga 2006 zuwa lokacin, a cikin kowane ƙagaggun labarai 17 masu kaurin bango da aka saya a Amurka, guda na Patterson ne. An sayar da kofe fiye da miliyan 400 na littattafansa a duniya. Ya kuma rubuta littattafai tare da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton, na farkonsu a shekarar 2018, da kuma mawaƙiya Dolly Parton a shekarar 2022.

Halin da ƙananan kantuna suka shiga

Abin da ake nufi da kanti mai zaman kansa shi ne wanda mutum ɗaya, ko iyali, ko 'yan abokai suka mallaka, suke kuma zaɓen littattafan da za su jera da kansu. Kishiyarsa shi ne reshen babban kamfani, wanda daga hedkwata ake aiko masa da jerin abin da zai sayar.

Irin waɗannan ƙananan kantuna sun sha bugu sau uku a jere. Da farko manyan kamfanoni irin su Barnes & Noble da Borders suka cika biranen Amurka da makeken kantuna a shekarun 1990, suna yi wa masu saye rangwamen da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya yi ba. Sannan a shekarar 1995 kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet, yana kai wa mutum har ƙofar gida. Alƙaluman ƙungiyar masu sayar da littattafai ta Amurka, wato ABA, sun nuna cewa tsakanin 1995 da 2000 yawan kantuna masu zaman kansu ya ragu da kashi 43 cikin 100. Na uku kuma, a shekarar 2007 Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle, yana sayar da sababbin littattafai da yawa a kan dala 9.99, ƙasa sosai da farashin bugun takarda.

Dalilin da ya sa gasar ta yi wa ƙaramin kanti tsanani a fili yake. Farashin littafi a rubuce yake a bangonsa, saboda haka mai kanti ba shi da ikon ƙarawa. Daga ɗan ragin da kamfanin ɗab'i ya yi masa ne zai biya haya da albashi da kuɗin wuta. Babban kamfani kuwa yana sayen dubban kofe a lokaci guda, yana iya sayar da littafi ba riba domin ya jawo mai saye ga wasu kayayyakin. Ya zuwa shekarar 2009, kantunan da ke cikin ƙungiyar ABA sun ragu zuwa 1,651. A shekarar 2011 shi kansa kamfanin Borders ya karye, aka rufe ɗaruruwan kantunansa, wasu garuruwan suka wayi gari babu kantin littattafai ko ɗaya.

A Birtaniya ma labarin bai sauya ba. A da akwai wata yarjejeniya da ta hana sayar da littafi ƙasa da farashin da kamfanin ɗab'i ya tsayar. Yarjejeniyar ta rushe a shekarar 1995, kotu kuma ta soke ta a 1997. A shekarar 1995 akwai kantuna masu zaman kansu 1,894 a cikin ƙungiyar masu sayar da littattafai ta Birtaniya da Ireland. A farkon 2014 adadin ya faɗo ƙasa da 1,000.

Yadda ya raba kuɗin

A watan Afrilun 2013 Patterson ya sayi shafukan talla a mujallar nazarin littattafai ta New York Times da kuma mujallar Publishers Weekly, inda ya yi tambayar da ta jawo muhawara. Idan gwamnatin Amurka ta ceto bankuna da kamfanonin ƙera motoci bayan rikicin tattalin arziki na 2008, wa zai ceto kantunan littattafai da ɗakunan karatu? Gwamnati ba ta amsa ba. Kafin ƙarshen wannan shekara sai ya sanar da cewa shi zai ba da dala miliyan 1.

Rabon ya gudana a cikin shekarar 2014, kashi-kashi, kuma babu kantin da ya samu fiye da dala 15,000. Ba a buƙaci cike takardu masu yawa ba. Mai kanti zai bayyana abin da zai yi da kuɗin a taƙaice, wasu kantunan ma marubuta da masu saye ne suka ba da sunayensu. Wasu sun gyara gini, wasu sun sauya tsofaffin kwamfutoci, wasu sun sayi motar yawo da littattafai zuwa makarantu da unguwanni, wasu kuma sun faɗaɗa sashen yara.

A wannan shekarar ce kuma ya ware fam 250,000 domin kantunan Birtaniya da Ireland, inda kowane kanti zai iya neman daga fam 250 zuwa fam 5,000. A nan ma sharaɗin bai canja ba, sai kanti yana da sashen littattafan yara.

Daga shekarar 2015 ya ɓullo da wani tsari na daban. Maimakon kanti, sai ya koma bai wa ma'aikatan kantin kyautar kuɗi a ƙarshen shekara, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar ABA. A shekarar farko ya ware dala 250,000. A shekarar 2023 ma'aikata 600 ne suka samu dala 500 kowannensu, haka kuma aka maimaita a 2024. Masu saye da abokan aiki ne ke gabatar da sunan ma'aikacin da suke ganin ya cancanta. Hujjar Patterson ita ce, masu wannan sana'a albashinsu bai taka kara ya karya ba, alhali su ne ke miƙa littafi hannu da hannu ga mai karatu.

Da annobar korona ta tilasta rufe kantuna a shekarar 2020, ya ba da dala 500,000 ga wata gidauniyar ceto kantuna masu zaman kansu, wadda 'yar wasan fim Reese Witherspoon ta taya shi yayatawa. Da gudummawar sauran jama'a, abin da aka tara ya haura dala miliyan 1.

Me ya sa yara?

Patterson ya sha ba da labarin ɗansa, wanda a lokacin da yake da shekara takwas ya iya karatu amma ba ya son yi. A wani hutun bazara shi da matarsa suka ɗora wa yaron ƙa'idar karatu a kowace rana, amma ba su bar shi da littattafan makaranta ba. Sun je sun zaɓo masa labaran da suke ganin za su ja hankalinsa. Kafin hutun ya ƙare yaron ya karanta littattafai da dama, kuma ba a sake tilasta masa ba.

Darasin da marubucin ya ɗauka shi ne, iya karatu daban, son karatu daban. Makaranta na iya koya wa yaro haɗa baƙi, amma ƙwarewa ba ta samuwa sai da yawan yi, yaro kuwa ba zai yawaita abin da ba ya jin daɗinsa ba. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne a samu wanda zai haɗa yaro da littafin da ya dace da shi tun da wuri, domin itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganinsa mutane uku ne ke iya wannan aiki bayan iyaye: malami, da ma'aikacin ɗakin karatu, da mai sayar da littattafai na unguwa, wanda ya san abin da ke kan kantarsa, ya kuma san yaran da ke shigo masa.

Wannan tunani ne ya kai shi ga rubuta wa yara littattafai, kamar jerin Maximum Ride da ya fara a 2005 da jerin Middle School da ya fara a 2011. Ya kafa shafin intanet na ReadKiddoRead domin taimaka wa iyaye wajen zaɓe. A shekarar 2015 ya buɗe sashen buga littattafan yara mai suna JIMMY Patterson a ƙarƙashin kamfanin Little, Brown. A shekarar ce kuma ya haɗa hannu da kamfanin Scholastic ya raba dala miliyan 1.75 ga ɗakunan karatu na makarantu 467. Buƙatun da aka aiko sun kai kimanin 28,000, abin da ya nuna girman ƙishirwar da ake fama da ita. Daga 2017 ya karkatar da tallafin kai tsaye ga malamai domin su tara littattafai a cikin ajujuwansu. A 2018 kuma ya bai wa Jami'ar Florida dala miliyan 3 domin horar da malamai kan koyar da karatu.

Abin da bincike ya nuna

Damuwar Patterson tana da tushe. Jarrabawar auna ƙwazon ɗalibai ta ƙasa da gwamnatin Amurka ke gudanarwa ta nuna cewa a shekarar 2024, kashi 31 cikin 100 ne kawai na 'yan aji huɗu suka kai matakin ƙwarewa a karatu, saɓanin kashi 35 a shekarar 2019. Kashi 40 cikin 100 kuwa ba su kai ko matakin farko ba.

Ana mayar da hankali kan wannan aji ne saboda a nan tsarin koyarwa ke juyawa. Kafin nan yaro yana koyon karatu ne. Daga nan kuwa da karatun zai koyi lissafi da tarihi da kimiyya, wanda aka bari a baya kuma sai gibin ya yi ta faɗaɗa. Wani bincike da gidauniyar Annie E. Casey ta wallafa a 2011 ya gano cewa yaran da ba su ƙware a karatu ba a ƙarshen aji uku, haɗarin kasa kammala sakandare a kan lokaci ya ninka sau huɗu a kansu.

Samun littafin ma shi kansa matsala ne. A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu, Susan Neuman da Donna Celano, sun ƙirga littattafan yara da ake sayarwa a unguwanni huɗu na birnin Philadelphia. A wata unguwar masu hali sun samu kimanin littattafai 13 ga kowane yaro. A wata unguwar talakawa kuwa littafi ɗaya ne ga yara kimanin 300. Haka nan wani bincike da Mariah Evans ta Jami'ar Nevada ta jagoranta a ƙasashe 27, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa yaran da suka tashi a gidajen da ke da littattafai da yawa sukan zarce takwarorinsu na gidajen da babu littafi da kimanin shekara uku na karatu, ko da an yi la'akari da ilimin iyaye da sana'arsu.

A Birtaniya, ƙungiyar National Literacy Trust ta bayyana a shekarar 2025 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na yara 'yan shekara 8 zuwa 18 suka ce suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu. Wannan shi ne adadi mafi ƙanƙanta tun da ƙungiyar ta fara yin tambayar a 2005.

Masu suka

Ba kowa ne ke yi wa Patterson kallon gwarzo ba. Akasarin littattafansa tare da wasu marubuta yake rubuta su. Shi ke tsara ƙashin labarin dalla-dalla, abokin aikin ya rubuta, shi kuma ya gyara, abin da ke ba shi damar fitar da littattafai da yawa a kowace shekara. Masu suka na kiran wannan tsari masana'anta. Takwaransa Stephen King ya taɓa bayyana shi a 2009 a matsayin marubuci maras ƙwarewa wanda ya yi nasara ƙwarai a kasuwa.

Wasu kuma na ganin akwai tufka da warwara. Tsarin kasuwar da ya mayar da Patterson attajiri, wato 'yan tsirarun mashahuran littattafai da ake jibgewa a manyan kantuna da rangwame, shi ne dai ya matse ƙananan kantuna. Akwai kuma batun girman kyautar. Mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa ya samu kimanin dala miliyan 90 a shekara guda zuwa tsakiyar 2014, wato abin da ya raba wa kantunan Amurka a wannan shekara kimanin kashi ɗaya cikin 90 ne na abin da ya shigo masa. Sannan duk yaron da ya kamu da son karatu yau, gobe mai sayen littafi ne, mai yiwuwa ma na Patterson.

Masu kare shi kuwa na cewa ƙananan kantuna ba su ne babbar kasuwarsa ba, saboda haka ba neman ciniki ya kai shi wurinsu ba. Suna kuma tunatarwa cewa a watan Mayun 2014, lokacin da ake taƙaddama tsakanin Amazon da kamfanin Hachette mai buga littattafansa, ya fito fili a babban taron masu harkar littattafai na New York ya soki Amazon, duk da cewa ta nan ake sayar da ɗimbin littattafansa. A 2015 gidauniyar littattafai ta ƙasa a Amurka ta ba shi lambar yabo ta Literarian saboda hidimarsa ga harkar karatu, a 2019 kuma ya karɓi lambar girma ta ƙasa kan ilimin al'adu da adabi a fadar White House.

Shin kuɗin ya ceto kantunan?

Alƙaluma sun nuna cewa kantuna masu zaman kansu sun farfaɗo a Amurka. Daga 1,651 a shekarar 2009, adadinsu ya kai 2,470 a 2018. Sai dai farfaɗowar ta fara ne shekaru kafin Patterson ya ba da ko sisi. Ryan Raffaelli na makarantar nazarin kasuwanci ta Harvard, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan lamarin, ya danganta ta da abubuwa uku: kantunan sun jingina da al'ummar unguwanninsu, sun ƙware wajen zaɓo wa mai saye abin da zai so, sun kuma mayar da kansu wuraren taruwa, inda ake karanta wa yara labari, ake ganawa da marubuta, ake muhawara.

A Birtaniya da Ireland kuwa, duk da kyautar 2014, adadin kantunan ya ci gaba da raguwa har ya kai 867 a shekarar 2016, kafin ya fara hawa zuwa 1,072 a ƙarshen 2022. Idan aka raba dala miliyan 1 ga kantuna 178, kowanne zai tashi da kimanin dala 5,600. Wannan kuɗi na iya gyara rufi ko sayen kwamfuta, amma ba zai sauya farashin haya ko rangwamen Amazon ba.

Wasu ƙasashen sun bi hanyar doka. Tun 1981 Faransa ta kafa dokar da ta hana yi wa sabon littafi rangwamen da ya wuce kashi 5 cikin 100, ko a babban kanti ko a ƙarami. Jamus ma tana da dokar tsayar da farashin littafi. A Amurka babu irin wannan kariya, shi ya sa nauyin ya faɗa kan 'yan kasuwar da kansu, da masu saye, da masu hannu da shuni. A shekarar 2020 aka buɗe shafin Bookshop.org, wanda ke sayar da littattafai ta intanet yana raba ribar da ƙananan kantuna.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Patterson ba shi kaɗai ba ne. Marubuciya Ann Patchett ta buɗe kantin Parnassus a birnin Nashville a 2011, bayan manyan kantunan birnin sun rufe. Jeff Kinney, marubucin littattafan yara, ya buɗe nasa a jihar Massachusetts a 2015. Dolly Parton kuwa tun 1995 ta kafa shirin aika wa yara littafi kyauta kowane wata daga haihuwa zuwa shekara biyar, kuma ya zuwa 2023 shirin ya raba fiye da littattafai miliyan 200.

Abin da ya bambanta Patterson shi ne inda ya zaɓi ya ajiye kuɗinsa. Bai gina babban ɗakin karatu mai ɗauke da sunansa ba. Ya rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana zuwa hannun dubban malamai da ma'aikatan ɗakunan karatu da masu jiran kanti, waɗanda aikinsu ke nan a kullum su tambayi yaro irin labarin da yake so, su ɗauko masa daga kan kanta. A shekarar 2024 ya wallafa littafi guda a kan waɗannan mutane, The Secret Lives of Booksellers and Librarians, tare da Matt Eversmann, inda suka bar su suka ba da labarin sana'arsu da bakinsu.